Sana'ar "Kocin Lafiya": Amsa Ga Wani Ƙanena

 

'Yan uwana matasa, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a yau shi ne wata wasiƙa da wani ƙanena ya aiko mini kwanakin baya. Ba ƙanena ne na jini ba, ɗalibi ne da na taɓa koyarwa, yaro mai natsuwa da ƙwazo, wanda ya gama hidimar ƙasa shekara biyu ke nan yana yawo da takardu babu labarin aiki. Ya ce wani abokinsa ya kai shi taro a wani otal, inda aka yi musu albishir cewa za a mayar da su "kocin lafiya", wato masu horar da jama'a yadda za su ci abinci, su motsa jiki, su rage ƙiba, su rabu da cututtukan zamani. Sharaɗin kawai shi ne ya biya kuɗin rajista, ya sayi katan guda na shayin rage tumɓi da wani garin sha, ya zauna horo na kwana 3, a miƙa masa takardar shaida. In ya kawo wasu mutum biyar suka yi rajista a ƙarƙashinsa, yana da kamasho. Ya rufe wasiƙar da cewa: "Malam, don Allah ka duba mini, wannan sana'a halal ce? Kuma tana da makoma?"

Na ga ya dace in ba shi amsa a bainar jama'a, domin na san ba shi kaɗai aka kai irin wannan taro ba. Amsar a taƙaice ita ce: sana'ar horar da mutane kiyaye lafiya sana'a ce ta gaske, mai kyau, kuma al'ummarmu na matuƙar buƙatarta. Sai dai abin da aka nuna masa a otal ɗin nan wani abu ne daban da aka sanya wa rigarta.

Bari mu fara da buƙatar. Duk wanda ya haura shekara arba'in a cikinmu ya san cewa a da, in an ce ciwon suga ko hawan jini, sai a ce ciwon masu kuɗi ne. Yau kuwa leƙa kowane gida, da wuya ka rasa mai ɗaya daga cikinsu. Rayuwa ce ta canja. Wanda kakansa ke tafiya gona da ƙafa, shi yanzu daga ƙofar gida sai A-daidaita-sahu, daga nan sai kan benci a shago har magariba. Tuwon dawa da miyar kuka da daddawa sun ja baya, farar shinkafa da taliya da burodi da lemon kwalba sun shigo gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da baligi zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi guda, alhali ɗunƙulen da muke jefawa uku-uku, huɗu-huɗu a tukunya kusan rabinsa gishiri ne. A rahoton da hukumar ta fitar a 2023 ta nuna cewa kusan rabin masu hawan jini a duniya ba su ma san suna da shi ba. A Nijeriya har an kai ga sanya harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021.

To, ka je asibitin gwamnati ka ga layi. Likita ɗaya, marasa lafiya fiye da yadda zai iya ƙirgawa. Zai auna ka, ya rubuta magani, ya ce "ka rage gishiri, ka riƙa motsa jiki," ya kira na gaba. Bai yi laifi ba, iyakar lokacin da yake da shi ke nan. Amma wa zai bi wannan bawan Allah gida ya zauna da shi da uwargidansa a ga yadda za a rage gishirin ba tare da miya ta zama salam ba? Wa zai tambaye shi bayan mako biyu ko ya fara tafiyar, in bai fara ba me ya hana? Wannan giɓi da ke tsakanin maganar likita da tukunyar gida, shi ne wurin aikin kocin lafiya.

Kuma kada mai karatu ya ɗauka wannan aiki na wasa ne. A Amurka an yi wani babban bincike da aka fitar da sakamakonsa a shekarar 2002, a kan mutum 3,234 waɗanda sugansu ya fara hawa amma bai kai ga zama ciwo ba. Aka kasa su uku. Kashi ɗaya aka ba su ƙwayar da babu magani a cikinta, kashi na biyu aka ba su maganin suga da ake kira metformin, kashi na uku kuwa aka haɗa kowannensu da mai horarwa. Abin da aka nema daga kashi na ukun bai taka kara ya karya ba: su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu (mai kilo 90 ya sauke kilo 6 da ɗoriya ke nan), kuma su yi tafiya mai ɗan sauri ta minti 150 a mako, rabin awa sau biyar. Mai horarwa ya zauna da kowa darasi 16 a cikin watanni shida na farko, sannan ya ci gaba da bibiyarsa. Bayan kimanin shekara uku, maganin ya rage kamuwa da ciwon suga da kashi 31 cikin 100, horarwar kuwa ta rage shi da kashi 58. Dubi wannan da kyau. Zama da mutum, da sauraronsa, da bibiyarsa, sun kusa ninka abin da ƙwaya ta yi. Kuma a duk tsawon binciken babu shayin da aka sayar wa kowa.

Magabata ma sun san da wannan fanni. Likitocin Musulmi na da sun kasa ilimin likitanci gida biyu: kiyaye lafiyar mai lafiya, da mayar da lafiya ga wanda ta kuɓuce masa. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi dogon bayani a kan abubuwa shida da lafiya ta rataya a kansu: iskar da ake shaƙa, ci da sha, motsi da hutawa, barci da farkawa, abin da jiki ke fitarwa da wanda yake riƙewa, sai kuma halin da zuciya ke ciki na farin ciki ko damuwa. In ka duba manhajar masu koyar da wannan sana'a a yau, kusan waɗannan shida ɗin ne aka sake wa suna. Kocin lafiya mazauninsa gida na farko ne. Bala'in yana farawa ne ranar da ya tsallaka gida na biyu ba tare da an ba shi izini ba.

Zan ba ku labarin da ya sa nake zafi a kan wannan magana. Ina da gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda ta yi shekaru tana shan maganin hawan jini ƙwaya ɗaya kullum da safe, lafiyarta ƙalau. Wata yarinya 'yar maƙwabta, wadda na tabbata ba ta nufe ta da sharri ba, ta shiga irin wannan harka, ta fara kawo mata wani shayi. Ta gaya mata abin da ita ma aka gaya mata a wurin horo: cewa maganin asibiti yana lalata ƙoda, cewa shayin yana wanke jijiyoyi, cewa bayan kwana 40 ba ta sake buƙatar ƙwaya. Da na je gaishe ta na ga kwalin maganin bai motsa ba, na ce: "Gwaggo, ya na ga kin daina shan maganinki?" Ta ce: "Kai ɗan nan, ni fa ba na jin komai. Jikina ma ya fi sauƙi." Haka ne, ba ta jin komai, domin hawan jini ba ya sallama. Na yi mata magana, ta ce to, na tafi ina ganin na fita haƙƙinta. Ban koma na duba ba, wannan kuwa laifina ne da har yau nake jin nauyinsa. Bayan 'yan makonni ta faɗi a bakin rijiya. Allah Ya yi da sauran kwana, amma hannunta na dama da ƙafarta ba su dawo yadda suke ba, kuma macen da ta riƙe gida guda da sana'ar ƙuli-ƙuli yau sai an ɗaura mata zane.

Da na karanta abin da aka rubuta a jikin kwalin shayin daga baya, babban abin da ke ciki ganyen filasko ne, wanda kakanninmu suka sani da sa gudawa. Sauƙin jikin da take ji ke nan. Mai shan irin wannan zai hau sikeli ya ga ya ragu, amma ruwan jikinsa ne ya zube, kitsen yana nan inda yake.

Yarinyar nan ba muguwa ba ce. Tsarin da aka sa ta a ciki ne ya mayar da ita haka, kuma a nan ne nake son ƙanena ya buɗe kunnensa. Idan abincinka ya rataya a kan yawan kwalaben da ka sayar, to duk wanda ya zo gabanka, ko da me ya zo, amsarka kwalba ce. Mai ƙiba kwalba, mai rama kwalba, mai ciwon gwiwa kwalba. Ba za ka iya ce wa mutum "kai ba ka buƙatar sayen komai, ka rage sugan shayi ka riƙa zuwa masallacin Juma'a da ƙafa" ba, saboda katan yana ɗaki yana jiranka, ranar lalacewarsa na matsowa, wanda ya shigar da kai kuma yana bugo waya. Mai ba da shawara amintacce ne a wurin wanda ya zo masa, kuma da wuya amana ta zauna lafiya a hannun wanda ke da riba a cikin amsa guda. Malaman fiƙihu sun daɗe da tabbatar da cewa wanda ya yi wa mutum magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba, lamunin ɓarnar da ta biyo baya yana wuyansa. Takardar kwana 3 ba ta sauke wannan lamuni.

Ta fuskar samu ma abin ba kamar yadda ake nunawa a allon otal ba ne. A shekarar 2016 kamfanin Herbalife, ɗaya daga cikin manyan masu sayar da irin waɗannan kayayyaki ta hanyar "kawo wani ka samu", ya amince ya biya dala miliyan 200 kuma ya sake tsarin kasuwancinsa a Amurka, bayan hukumar kula da ciniki ta ƙasar ta tuhume shi da yaudarar mutane game da kuɗin da za su samu, ta kuma ce mafi yawan dillalansa abin da suke samu kaɗan ne ko ma babu. Ba wannan kamfani ne ya kira ƙanena taro ba, na kawo shi ne don a ga cewa ko a ƙasar da hukuma ke da haƙora, na ƙasan dala shi ke ɗaukar nauyin na sama.

Wani zai ce, ai kayan suna da lambar NAFDAC. Mai karatu ya sani cewa yawancin magungunan ganye lambar da hukumar ke ba su ta shaidar cewa an gwada ba a ga suna cutarwa ba ce, shi ya sa ake rubuta a jikinsu cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar da aka yi ba. Kuma tunda muna tsakaninmu ne, bari in faɗi wadda ta fi ɗaci. Wasu sun gano cewa in aka ambaci zuma da habbatus sauda da man zaitun, bakinmu yana mutuwa, sai suka mayar da wannan garkuwa. Falalar waɗannan abubuwa ba abin musu ba ce a wurinmu. Amma falalar zuma ba ta mayar da mai sayar da ita likita, kuma mai ciwon suga in ya sha zuma cokali-cokali sugansa zai hau kamar yadda zai hau da rake. A kanti guda za ka ga maganin rage ƙiba a jere da "sha ka fashe" na masu son ƙiba, mai kantin kuma da sallama da salati yake miƙa kowanne.

To, wanda yake son sana'ar ta gaskiya fa, ina zai dosa?

Ya fara da karatu. Akwai sashen ilimin abinci mai gina jiki a Jami'ar Ibadan da ta Nsukka da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, akwai sashen ilimin motsa jiki da kiwon lafiya a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello, ga kuma makarantun koyon aikin lafiya na jihohi da ke yaye ma'aikatan lafiya na matakin farko. Wanda ya riga ya yi digiri a wani fanni, kamar ƙanena, yana iya neman difloma, ko ya yi kwas mai tsawo ta intanet, amma ya duba wa ke koyarwa, kuma ko suna da abin sayarwa a ƙarshen darasi. A Amurka, inda sana'ar ta fi kafuwa, an fara jarrabawar ƙasa ta masu wannan aiki a 2017 tare da haɗin gwiwar hukumar da ke shirya jarrabawar likitoci, kuma kafin mutum ya zauna sai ya gama horo a makarantar da aka amince da ita, ya kuma kawo shaidar zama 50 da ya yi da masu neman shawara. A wurinmu kowa na iya wayar gari ya kira kansa koci, saboda haka kai ne za ka zama hukumar kanka.

Bayan karatu sai abin da ba a cika koyarwa a aji ba, wato iya sauraro. Mu mutane ne masu son wa'azi, da mun ga mai tumɓi sai mu hau shi da "ka daina, ka bari." Amma babu mai shan lemon kwalba uku a yini da bai san yana cutar da shi ba. Akwai wata hanyar tattaunawa da wani masanin halayyar ɗan Adam, William Miller, ya fara bayyanawa a 1983 a wajen aikinsa da mashaya giya, wadda daga baya aka ɗauke ta a fannin lafiya gaba ɗaya. Gundarinta shi ne ka yi tambaya ka yi shiru, har mutum ya faɗi dalilinsa na son canjawa da bakinsa, ya kuma zaɓi ɗan matakin da zai iya ɗauka a wannan mako. Direban da ke kwana a hanya ba zai iya abin da malamin makaranta zai iya ba. Matar da ke girka wa mutum goma sha biyar a tukunya ɗaya ba za ta ware wa maigida tasa tukunyar kullum ba, kuma in ka ce ta yi, za ta ce to, ta ƙi yi. Ni a wurina sunan da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne rakiya. Mai tafiyar shi ke da tafiyarsa, kai kana gefensa ne.

Sannan ka san kasuwarka. Na sha ganin jadawalin abinci da samari ke kwafowa daga intanet suna tura wa mutane ta WhatsApp, cike da abubuwan da ko sunansu ba a sani ba a 'Yankaba. Wanda zai yi amfani shi ne wanda ya san farashin mudun wake da na acca, ya san lokacin da zogale da rama da alayyafo ke araha, ya san yadda za a dama fura da nono ba tare da an zuba suga rabin kofi ba, ya san cewa zoɓo ba laifi gare shi ba, sugan da ake narkawa a ciki ne matsalar. Talaka ba ya buƙatar a ƙara masa kashe kuɗi kafin ya samu lafiya.

Iyakarka kuwa ka rubuta ta ka manna a bango. Ba ka cewa ga ciwon da ke damun mutum, ba ka rubuta magani, ba ka cewa a rage ko a daina wanda likita ya rubuta. Ka mallaki na'urar awon jini ka iya amfani da ita, in ka ga awo ya kai 140 bisa 90 ya kuma maimaita, ka tura mutum asibiti, ka bi shi ka tabbatar ya je. Mai juna biyu, mai ciwon ƙoda, mai allurar insulin, duk ba ka taɓa abincinsu sai da sanin likitansu. Watan Ramadan shi ne babban gwajinka, domin masu ciwon suga za su zo suna tambayarka ko su yi azumi. Wannan hukunci na likita ne da malami. Naka shi ne ka tura su tun watan Sha'aban, ka kuma san ƙa'idar da ƙwararru suka shimfiɗa, cewa mai azumin da sugansa ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 ya sha ruwa nan take, ko da saura minti goma a kira salla.

Na san tambayar da ke cin ƙanena: in ban sayar da kaya ba, me zan ci? Tambaya ce ta gaskiya, kuma ba zan yi masa daɗin baki ba. Mutanenmu sun saba biyan kuɗin abin da za su riƙe a hannu, ba su saba biyan kuɗin shawara ba, wannan ne ma ya sa kwalba ta fi saurin kawo kuɗi. Shekarar farko za ta yi wuya, kuma ban ba shi shawarar ya saki ɗan koyarwar da yake yi a makarantar kuɗi ba. Amma hanyoyi suna nan. Ana tara mutum goma sha biyar ko ashirin a rukuni, kowa ya biya wani abu a wata, a haɗu bayan sallar asuba a yi tafiya, a zauna sau ɗaya a mako a yi awo a tattauna. Ana kulla yarjejeniya da makarantu da ma'aikatu da ƙungiyoyin 'yan kasuwa. Ana zuwa wurin likitan da ke da asibitin kansa a ce masa: ga ni, turo mini masu hawan jinin da ba ka da lokacin zama da su, ni kuma in riƙa kawo maka rahoto. Likita ɗaya da ya yarda da kai ya fi mabiya dubu goma a TikTok.

Ƙannena mata kuwa, ku filin ya fi buɗe wa. Dubban matan aure suna cikin gidaje da ciwon gwiwa da ƙiba da suga bayan haihuwa biyar ko shida, ba za su je gidan motsa jiki ba, ba kuma za su buɗe cikinsu ga namiji ba. Mace mai ilimi da kamun kai, wadda za ta shiga gida da sallama, ta tara matan layi a tsakar gida guda, ta koya musu motsa jiki cikin sutura da yadda za a gyara tukunya, ba za ta rasa masu nemanta ba. Da irin wannan ce ta riga waccan yarinya shiga ɗakin gwaggona, da yau wani labarin nake ba ku.

Bayan na aika wa ƙanena da wasu daga cikin waɗannan maganganu, sai ya bugo mini waya yana in'ina, ya ce ai ya riga ya biya, katan ɗin ma yana ƙarƙashin gadonsa, kuɗin kuwa na mahaifiyarsa ne da ta ɗauka a adashi. Na ce ya koma wurin wanda ya shigar da shi ya nemi a karɓi kayan ko da da ragi ne, in an ƙi ya haƙura da su, kada ya kai wa kowa, balle dattijan unguwarsu da za su saya don kunyar mahaifiyarsa. Na yi masa alkawarin zan je da kaina in yi wa Hajiya bayani, kuma zan ba shi aron na'urar awon jinin da na saya bayan faɗuwar gwaggo, ya fara koyon awo a kaina ranar Asabar.